Jegon Mishmish

Ni Gwadabe manomin gero ne ɗan manomin gero, kuma har na shekara arba'in ban taɓa zaton akwai mai koya mini wani abu game da ƙasa ba. Umra ta kawo ni, na maƙale a Jidda ina dakon kwalaye a halaka, kasuwar kayan marmari. A nan Hajiya Madina ta tsince ni. Tsohuwa ce haifaffiyar unguwar Ruwais, kakanninta da ƙafa suka zo daga ƙasar Katsina, Hausarta kuwa irin ta mutanen da ce, an yayyafa mata Larabci.

Mijinta, marigayi Othman, ya bar mata ɗan lambu a kan dutsen Hada, hanyar Ɗa'if: bishiyar mishmish mai 'ya'ya ruwan ɗorawa guda goma sha huɗu, da bukhara tara, jan ɗan itacen nan mai tsami-tsami da ke cika halaka da bazara. Da hannunsa ya dasa su. Shekara uku ke nan ciwon zuciya ya hana ta hawa dutsen. Ta damƙa mini amanarsu ne saboda na cika mata baki cewa ni da gona tare aka haife mu.

"In ka gama tsinka, ya waladi, ka zauna ka yi musu jego," in ji ta.

Na yi dariya, na ɗauka barkwancin tsofaffi ne.

A watan shida na tsinke 'ya'yan tas, aka loda mota. Sai na yi abin da ubana ke yi in an yanke gero: na rufe ruwa, na jingine fartanya, na sauko Jidda. A wurinmu gonar da ta ba da amfani ta gama magana sai baɗi. Kwana arba'in ina yawona a unguwar Kurayyat kafin in je gaishe ta, har da wata taƙama.

"Wa ka bar wa ban ruwa?" ta tambaye ni.

"Ai halas, Hajiya. An girbe."

Ta watsa mini wani kallo. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

"A garinku in mace ta haihu, ɗauke jaririn ake yi a ja mata ƙofa? Ba ruwan zafi, ba kunun kanwa? Abin da za su haifa baɗi, yanzu suke ƙulla shi. Yalla, koma."

Na koma a bayan motar kayan miya, ba iƙama, takardar zaman ƙasa, ina ɓoye fuska a kowane shingen 'yan sanda. Na tarar ganye ya nannaɗe, ƙaro na tsatsafowa daga jikin bukhara. Na haƙa wa kowace zagaye na riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Na tsince ruɓaɓɓun 'ya'yan da suka zuba na binne su nesa, na datse busassun rassa, na zuba takin tumaki, na shafe gindinsu da farar ƙasa kada rana ta fasa ɓawon. Ko uwar 'ya'yana ban yi wa hidima irin wannan ba, Allah na tuba.

Suka ɗan farfaɗo. Amma da sanyi ya shigo sai ganye ya yi rawaya ya zube, ko ɗaya bai rage ba. Na san bishiyar kuka ma tana tuɓewa da rani, to amma nan ga hazo ga yayyafi, kuma ni na san abin da na aikata. Wata guda ina zagaya itatuwa tsirara, abinci ba ya shiga. Daga ƙarshe na yanko reshen mishmish guda don shaida, na sauko Ruwais.

'Yarta Zakiya ta shigar da ni. Hajiya na kwance, ta rame ƙwarai.

"Na kashe su, Hajiya," na ce, na ajiye sandar a gabanta.

Ta shafa ta da yatsa, ta ɗan karce ɓawon da farce. Ta sa Zakiya ta kawo kwalba da ruwa, aka tsoma reshen, aka ajiye jikin taga.

"Kullum ka zo ka canza masa ruwa. Kai ka jawo."

Na ɗauka horo ne, na kuma yarda na cancanta. Kwana takwas ina yi wa busasshen itace hidima.

Ran na tara da hantsi Zakiya ta buɗe mini ƙofa tana neman kalma. Hausar ta ƙwace mata, sai ta ce, "Ta'al, shuf," wato zo ka gani, ta nuna taga.

Sandar nan ta yi fure. Fari ne mai ɗan ja a ciki, ba ganye ko ɗaya, fure kawai a jikin itacen da na rantse ya mutu. Na zauna a ƙasa ina salati. Tsoron Allah ya kama ni irin wanda ban ji ba tun ranar da na fara ganin Ka'aba. Ashe duk watan nan da nake kuka, abin nan yana naɗe a cikin ƙullin da bai kai ƙwayar gero ba.

"Ya sha sanyin dutse ya ƙoshi, zafin Jidda ya tashe shi," in ji Hajiya. "Othman sau uku yana dasa shi a tsakar gidan nan, bai taɓa fure ba."

Aka miƙa mata kwalbar. Ta kai hanci, ta rufe ido, hawaye na bin kuncinta.

"Ban zaci zan sake ganinsa ba." Can ta buɗe ido ta harare ni. "Zaman me kake yi? Masu ciki ashirin da uku na jiranka."

Na koma dutsen, da sanyi ya fara janyewa ashirin da ɗaya suka yi fure. Bukhara biyu na can ƙarshen lambu ba su farka ba, kuma da hannuna na sare su.