Firijin da Aka Saka a Bingo

A unguwarsu Ximena, can saman tudun birnin Valparaíso, idan ciwo ya fi ƙarfin gida ba a yawon roƙo, bingo ake haɗawa. Maƙwabta su sayi kati, a kira lambobi, mai rabo ya ci kyauta, kuɗin ya tafi asibiti. Na wannan Lahadin don mijinta ne, Hernán, da tsakuwa ta cika masa matsarmama. Kamfanin inshorar da yake biya duk wata ya ce ciwon tsoho ne, ya riga rajista, ba ruwansu. Asibitin gwamnati kuwa aka ce ya bi layi, ƙila baɗi.

Babbar kyautar ita ce firijinta. Ba ta damu ba, don kowa ya san al'ada: wanda ya ci babbar kyauta yakan mayar a sake bugawa, a ƙarshe kaya ya koma gidan mai shi. Zagaye na biyun nan ne zai cika kuɗin aikin Hernán.

Tana shafa fiya a burodin da take sayarwa, kunnenta na teburin maza. Patricio, ƙanin mijinta, wanda shi ya sayar masa da inshorar, yana ta kumfar baki da Don Evaristo, tsohon malamin makaranta.

"A bar wa gwamnati lafiya? Haba tsoho!" in ji Patricio. "Sai kiran ganin likita ya iske ka a kabari."

"Ku fa? Lafiyayye kaɗai kuke wa magani. Da mutum ya yi tari kun cika wandonku da iska."

"Hassada ce ke cin ka, malam!"

Ximena ta lura duk burodin da suka loda babu wanda ya biya. Tun tana budurwa take jin wannan gardama, ba ta taɓa ganin ta sauke wa wani ko zazzaɓi ba. Hernán na can lungu, idonsa ya yi ruwan ɗorawa, yana murmushin dole kada a ce bai gode ba.

Aka kira lambar ƙarshe. Patricio ya daka tsalle: "Bingo!" Aka yi tafi, aka zuba masa ido ana jiran ya ce a sake. Shi kuwa sai ya fita ya juyo da motarsa bakin ƙofa.

"Matar yaya, ara mini igiya mana."

"Patricio, ba za ka mayar ba?" in ji Ximena.

"Na sayi kati, na ci. Ƙa'ida ƙa'ida ce." Ya buɗe firijin ya shinshina. "Ba shi da wata tsohuwar matsala dai ko? Gara ki faɗa mini tun yanzu."

Ta ɗauko igiyar ta miƙa masa. Don Evaristo ne ma ya kama masa gefe guda suka ɗora, yana cewa a yi a hankali kada ya karce.

Jama'a suka zare ɗaya bayan ɗaya. Ximena ta dubi ragowar fiyar da ba ta da inda za ta adana, har ta fara baƙi.

"Tashi, Hernán," ta ce. "Gobe da sassafe mu je mu kama layi."