Sunan Genival a Jikin Takobi

Tun da Genival ya rasu, Zuleide ba ta matsar da talabijin daga inda ya bar ta ba. Da hantsi, in ta dawo daga kai ɗinkin wanduna kasuwar Caruaru, sai ta kunna na'urar wasansa, ta zuba kofi, ta zauna. Ba ta iya wasan ba. Maɓalli ɗaya ta sani, in ta danna sai ga jarumin mijinta tsaye a bakin kogi, takobi rataye a baya, kafaɗunsa na ɗagawa suna sauka kamar mai numfashi. Nan Genival ya ajiye shi ranar da ciwon ƙirji ya kwantar da shi.

Labarin takobin kam ta sha jin sa a bakin Genival tana yankan albasa. A kashi na farko na wasan wata maƙeriya ce ta ƙera shi da ƙarfen ƙararrawar wani gari da ruwa ya cinye. Daga baya ya karye, aka gyara, ya faɗa teku, aka tsamo. Kowane kashi da sabon jaruminsa, amma takobin shi ne dai, kuma duk wanda ya taɓa riƙe shi sunansa na nan a jikin ƙarfen. Genival ya fara tun yana saurayi a shagon hayar wasa na unguwa, shi da amininsa Osmar, wanda yanzu bakanike ne.

Wata Lahadi Osmar ya zo da faifan sabon kashin wasan a hammata.

"Kai dai ba ka girma, Osmar. Furfura har gemu, kana yawo da kayan yara."

"Mijinki ya fi ni, uwargida. Ranar aurenku da kunne na jawo shi daga shago."

Yana cin dambun masara yana yi mata bayani. Sabon kashin zai karanta tsohon katin da na'urar ke ajiye wasan Genival, ya ɗauki takobin, ya rubuta sunan Genival a jikinsa. Haka suka saba yi duk lokacin da sabo ya fito. Sai dai jarumin zai goge daga katin, ba ya dawowa.

"To wa zai tsaya a bakin kogin?"

"Ba kowa."

Ta ce ba ta yarda ba. Osmar bai ja da ita ba. Ya ajiye faifan kan keken ɗinki, ya kai bakin ƙofa, sannan ya ce Genival bai taɓa barin mutum a tsaye haka ba, ko ban ɗaki zai zaga sai ya kai shi masauki ya kwantar.

Maganar ta zauna mata. Washegari ta kunna, a cikin wasan ana ruwa, jarumin na tsaye yana jiƙa, ita kuma ba ta san yadda ake matsar da shi ba. Kofin ya huce a hannunta. Da Lahadi ta zagayo ta aika a kira Osmar, ta ce ta yarda, da sharaɗin ita za ta danna.

Ta danna. Jarumin ya taka, ya cake takobin a yashi, ya bi gaɓar kogin bai waiwayo ba har ya ƙanƙance. Sai ga wata yarinya mai kamun kifi, ta zare takobin ta ɗaga. Zuleide ta matsa dab da gilashin. Sunan na can ƙasa kusa da ƙota, ɗan mitsitsi.

Osmar ya share ido da bayan hannu, ya ce akwai motar da ya bari a buɗe a gareji. Ta tambaye shi da wane maɓalli ake tafiya. Ya nuna mata, ya fita.

Yarinyar ta yi ɗan taku, ta maƙale a jikin wani shinge. Har la'asar Zuleide na ta neman yadda za ta juya ta.