Takarda ta Biyu

"Cire takalmin nan ka koma gado, Mervyn!" in ji Dulcie Kretschmer daga bakin ƙofa, kofin shayi a hannunta.

Ko kallonta bai yi ba. Shekara talatin da ɗaya Mervyn Trengove yana haya a ɗakinta na baya a garin Port Pirie, ta san taurin kansa fiye da likitan da ya ce huhunsa ya gama aiki.

"Yau zaɓe, Dulcie. Takardar ƙuri'a biyu za su ba ni. Biyu!"

A tsohuwar mazaɓarsu ta Arewa, sai wanda ya mallaki gida ko tsohon soja ke zaɓen ɗan majalisar dattawan jiha. Dulcie, wadda ko jarida ba ta karantawa, tana da ƙuri'a albarkacin gidan da mijinta ya bari. Shi kuwa da ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin wutar narka dalma, takardar majalisar wakilai kaɗai ake miƙa masa. Abin ya daɗe yana ba ta kunya. Yanzu an rushe mazaɓar, an buɗe wa kowa, ga shi numfashi na neman gagarar mutumin.

"Ai da ka aika ƙuri'arka ta gidan waya," in ji Dulcie.

"Da ƙafata aka kore ni, da ƙafata zan koma."

Ta yi tsaki, ta yafa masa kwat ɗin marigayi mijinta, ta tada mota.

A zauren coci suka tarar da Clarrie Pascoe zaune kan rajista, inda ya saba zama kowane zaɓe.

"Kai, Merv! Na ɗauka kana kwance."

"Haka ka so. Duba da kyau, Clarrie, har yau ko bulo ɗaya ban mallaka ba. Miƙo ta biyun."

Clarrie ya miƙa, idonsa a kan tebur.

Mervyn ya daɗe a lungun kaɗa ƙuri'a. Dulcie ta matsa za ta riƙe shi.

"Ja da baya, Hajiyar masu gidaje. Sirrina ne."

Da hannunsa ya tura takardar cikin akwati, sannan ya yarda ta tallafe shi.

Ya rasu ran Talata da hantsi, ba a ma gama ƙidaya ba. Da Dulcie ta zo ninke kwat ɗin, sai ta ji abu a aljihu: guntun fensirin rumfar zaɓe, da zaren da aka ɗaure shi a rumfar a tsinke.