Kifin Malam Kabo Duba-gari

A duk faɗin Gaya ban san wanda ya taɓa ƙona mini rai kamar Malam Kabo duba-gari ba, ga shi kuma katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Zai yi sallama da kakinsa da dogon ludayinsa, ya wuce kai tsaye wajen randa, ya kamfato ruwa ya ɗaga wa rana. In ya ga tsutsar sauro ko guda tana wutsil-wutsil, shi ke nan, sai ya tuntsurar da ruwan da kika sha wuyar ɗebowa, ya bi ki da tara.

"Lauratu, randarki ce ta fi ta kowa ƙazanta a unguwar nan," haka yake ce mini, a gaban jama'a fa.

Lokacin yaƙin basasa ne. Ɗansa Tukur da autana Hamma rana ɗaya suka shiga soja. Hamma tun da ya tafi bai leƙo ba, amma Tukur ya samu hutu ya zo daga Ikko, ɗauke da gwangwanin kananzir yana lallaɓa shi kamar jariri. Muka taru. Wai kifi ne a ciki, na bakin teku. Kifi? Idanu a tsakar ka kamar kwaɗo, ga wasu 'yan hannuwa da yake jan ciki da su ya hau kan dutse ya zuba mana ido. Na ce a'uzubillahi.

Tukur ya juye shi a daro, ya zuba yashi da ɗan dutse a gefe, ya ce sai ruwan zartsi yake rayuwa, a riƙa sa gishiri. Da zai koma ya ce, "Baba, a kula mini da shi kafin in dawo."

To, maganar nan ita ta shige wa Malam Kabo ƙwaƙwalwa. Ya sa a ransa muddin kifin na motsi, yaron ma na motsi. Na ce masa, "Malam, ka ji tsoron Allah, wannan ai camfi ne. Rai a hannun Allah yake, ba a daro ba." Ya ce ya sani. Amma kullum da safe sai ya tsoma yatsa a ruwan ya lasa, ya ƙara gishirin da yake sayowa takanas daga kasuwar Ajingi.

Kifi ya ƙi ci. An ba shi tuwo, ya ƙi. Ƙuli-ƙuli, ya juya baya. Har fura aka dama masa, wallahi, ina tsaye. Yana ramewa, Malam Kabo na ramewa. Rannan ya dawo daga aiki ya ɗauraye ludayinsa a kusa da daron, 'yan tsutsotsin da suka maƙale suka faɗa ciki. Kifi ya yi wuf ya cafe. Ashe shege ba ya cin abin da ba ya motsi.

Daga nan aikin duba-gari ya sake salo. Zai shiga gida, in ya ga tsutsa sai fuskarsa ta washe, ya tace ta a kwalba, ya yi godiya ya fita, ba tara ba faɗa. Sai dai kash! Shekara da shekaru yana gasa mana aya a hannu, mata duk sun koyi wanke randa. Da rani ya shigo, tsutsa ta yi ƙamfa a gari.

Ranar nan sai ga shi ya yi sallama, murya ƙasa-ƙasa.

"Lauratu, in ɗan duba randar?"

"Bismilla, ranka ya daɗe." Na riga na kankare ta tas da safe. Ya kamfata, ya ɗaga, ya sake kamfata.

"Haba Lauratu! Ko guda?"

"Ai kai ka ce in gyara hali."

"To ai ban ce ki wuce gona da iri ba."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Amma da na ga yadda ya juya yana jan ƙafa da kwalbarsa wayam, sai ya ba ni tausayi, ko da yake ban nuna ba.

Mutumin nan sai ya shiga kiwo da kansa. Ya jera fasassun tukwane a inuwar bayan ɗakinsa, jikin katangata, ya cika su da ruwa, ya watsa busasshiyar ciyawa da dusa da ɗan kashin awaki don ruwan ya ruɓe. Ya ce sauro ya fi son haka, kuma wa zai yi musu da shi? Yau ya tace wannan tukunya, gobe waccan, wai kafin su yi fiffike. Kifi ya murmure har da tumbi. Amma ido ɗaya na Malam Kabo ba ya gani sosai, rabin garken nasa tashi yake yi, kuma gidana yake sauka.

Fuskata ta koma kamar an watsa mini gero. Na leƙa ta katanga na ce, "Malam Kabo, in ba ka fasa tukwanen nan ba, wallahi ƙararka zan kai."

"Wajen wa? Ni ne duba-garin."

Ka ji mutum! Haka muka kwashe damina da kaka muna susa, unguwa duka, ba wanda ya iya taɓa tukwanen, don kowa ya san abin da ke ransa.

Aka gama yaƙi. Wata ranar kasuwa da hantsi motar Kano ta sauke Tukur, ya rame ya yi baƙi, amma da ƙafafunsa. Malam Kabo bai ko bari ya sha ruwa ba, ya ja shi wajen daro.

"Ga amanarka."

Tukur ya leƙa. "Kai! Baba, wannan abin yana nan? Ai na ɗauka tuni kun soye shi."

Malam Kabo ya zauna daɓas a ƙasa ya fashe da kuka kamar yaro, mu kuwa muna dariya muna share hawaye. Na tambayi Tukur labarin Hamma. Ya ce tun da aka raba su bataliya bai sake ganinsa ba, amma ana ta sallamo mutane, in yi haƙuri.

Washegari na ɗauki taɓarya zan zagaya in farfasa tukwanen nan, na rantse ba wanda zai hana ni. A bakin ƙofa muka yi karo da Malam Kabo, ya rungumo daron, ruwa na zubar masa a kaki, ludayin a hammata.

"Wannan kuma fa? Naka ya dawo, sai me?"

"Naki bai dawo ba tukuna," in ji shi. Ya ajiye daron a gindin randata. "Gishirin kamar na miya, kada ki cika."

Na buɗe baki zan ce masa camfi ne. Kifin ya hau kan dutsensa ya ƙura mini waɗannan munanan idanun. Na jingine taɓaryar, na tsoma yatsa a ruwan na lasa.

"Malam," na ce, "dusar kamar yaya ake zubawa a tukunya?"