Damin Geron Malam Wada

Yayata Turai, Allah ya jiƙanta, kowace bazara kafin ruwan shuka ya sauka sai ta tara 'ya'yanta a gidansu na garin Ƙofa. Surajo ya hau lori daga Riruwai, inda yake aikin kuza wurin Turawa, Zuwaira ta taho daga gidan mijinta a Kiru, Hasana daga Tudun Wada. A wuni a gindin mangwaro, a kwana, wani sa'in a ƙara kwana. Ni Kulu ƙanwarta, ban taɓa fashi ba.

Shekarar da ta rasu, mijinta Malam Wada ya tsorata. Gani yake daga wannan zuwan yaran ba za su sake taka gidan ba, tunda mai tara su ta tafi. Sai bawan Allah ya ɗauki abin da zafi. Ya roƙi matan maƙwabta suka yi tuwo tun da sassafe, aka dama fura, aka cika randuna, aka share tsakar gida fes, aka shimfiɗa tabarmi. Har rago ya yanka, kai ka ce suna ake yi!

Yara suka iso, suka durƙusa suka gaishe shi. Aka kawo abinci, suka ci. Zuwaira ta miƙe za ta ɗauke kwano, uban ya ce, "Zauna abinki, an sa mai yi." Haka suka zauna tsuru-tsuru kamar masu jiran alƙali. Raina ya ɓaci matuƙa. Ana sallar azahar na ji Surajo yana tambayar yaushe lorin Riruwai ke wucewa.

Malam Wada ya yafito ni zaure, idonsa ya yi ja.

"Kulu, me na rage? Komai na yi musu. Ga shi za su tafi."

Na ce, "Haba Malam! Ai komai ɗin da ka yi shi ne ya kore su. Duk zaman da ka yi da Yaya, ka taɓa ganin ta gama aiki kafin su zo?"

Ya ce, "Ina fa! Kowace shekara sai na yi mata faɗa a kai. Baƙi na hanya, ita ko gero ba ta sussuka ba."

"Baƙi? Su waye baƙin? Da gangan take yi, Malam. Ta sha gaya mini, duk ɗan da ya shigo gidan ubansa ya tarar babu abin da zai taɓa, ya san ya zama baƙo."

 Sai ya tashi, ya hau rumbu da tsufansa, ya jawo damin gero ya jefo tsakiyar sharar nan tasa, tim.

"Babu abin da za a ci da yamma," ya ce. "Ni kuwa ban iya ba."

Ƙarya ce tsagwaronta, tuwo na nan cike da masaki. Yaran ma sun sani. Zuwaira ta dubi damin, ta dubi ubanta, sai ta gyara ɗaurin zani.

"Hasana, mirgino turmi."

"Ke ki mirgino mana! Har yau ba ki daina aike na ba?"

Madalla, na ce a raina. Nan da nan gida ya kaure da daka da musu. Surajo ya tuɓe riga ya haye mangwaro, jikoki na ƙasa suna ihu da ƙwarya. Ƙaiƙayi ya watsu ko'ina, har cikin fura. Wajen la'asar lori ta busa ƙaho a bakin hanya, ba wanda ya ɗaga kai.

Na kai wa Malam ruwa, na tarar da shi zaune a ƙofar ɗakin Yaya, hawaye na bin gemunsa.

"Kulu," ya ce, "shekara da shekaru ina ce mata malalaciya. Ko sau ɗaya ba ta tanka mini ba."