Sabon Hannun Nicanor

Direba ya taka birki a bakin gadar kogin Cauca, fasinjoji suka zube a kan juna. Nicanor Balanta ya kai hannun dama zai kama ƙarfe, ya kama iska, kafaɗarsa ta bugi bayan kujera. Tun bara waccan injin matse rake ya cinye masa hannun zuwa ƙasan gwiwa, amma har yau jikinsa bai yarda ba.

"Ka zauna mana, tsoho," in ji matarsa Dioselina, tana jawo gefen rigarsa. "Wannan yarinyar ta ba ka wuri tun ɗazu, girman kai ya hana ka."

"Ƙafafuna lafiyarsu ƙalau," ya ce, ya mayar da dungun cikin aljihu.

Ranar ƙarshe ce ta shekara, motar zuwa birnin Cali ta cika maƙil. A ƙofar gidajen bakin hanya an zaunar da mutum-mutumin tsohuwar shekara, cushe da tsummoki, kowanne da hularsa da kwalbarsa, suna jiran a cinna musu wuta. Bayan gidajen kuwa rake ne iya ganin ido. Wata ƙatuwar motar girbi tana tafe a cikinsa, tana yanka, tana sassara, tana tofarwa cikin tirela, mutum ɗaya tal a samanta cikin ɗakin gilashi.

"Ga wadda ta kore mu can," in ji wani dattijo a kujerar baya. "Ba ta cin abinci, ba ta yajin aiki, ba ta da suruka."

Aka kwashe da dariya. Nicanor bai yi ba. Zancen ƙanensa Efraín ne ke cin sa. Gonar raken da mahaifinsu ya bar musu, da rumfar da suke dafa mazarƙwaila, kamfanin sukari na son karɓa haya na shekaru masu yawa, su rushe rumfar, su haɗe gonar da tasu. Efraín ya gaji da yin aikin mutum biyu, kuma yana son amsa yau.

Wurin da aka kwatanta musu ba asibiti ba ne. Wani bene ne a saman shagon gyaran waya, bayan kasuwa, matakalarsa na warin soyayyen kifi. Wata budurwa mai tabarau da kitso ta buɗe musu ƙofa. Ita ce Yurany, injiniyar da ta zo garinsu kwanakin baya, ta zagaya dungunsa da wayarta kamar mai ɗaukar hoton amarya, ta ce ya zo ƙarshen shekara ya karɓi hannun roba.

"Baba Nicanor! Na ce wa kaina ba za ka zo ba."

"Kawo ni aka yi, 'yata."

"Da ƙyar," in ji Dioselina. "Jaki ya fi shi sauƙin ja."

Nicanor bai ji ta ba. Idonsa na kan wasu akwatuna da ke jere a kan tebur. A cikin kowanne wani ɗan baki na ƙarfe yana kai-komo, yana zubo zaren roba siriri, yana ɗora shi a kan na ƙasa, kamar zanzaro na gina ɗakinsa. Ya matsa kusa. A cikin na farkon, yatsa ne ke tsirowa, ɗan ƙarami, har da gurbin farce.

"Na wata yarinya ce," in ji Yurany. "Haka aka haife ta. Shuɗi ta ce tana so."

"Babu mai riƙe da shi?"

"Babu. Na nuna masa siffar, ya kama aiki tun asuba."

Ya daɗe a tsaye yana kallo. Duk injin da ya sani a rayuwarsa cinye abu yake yi, ya fitar da tuƙa. Bai taɓa ganin wanda ke tara abu daga babu ba, a natse, ba hayaƙi, ba ƙara.

Yurany ta ɗauko nasa daga cikin wani kwali. Baƙi ne wuluk, yatsunsa manya kamar na hagunsa. Ta ce wani mutum a wata ƙasa mai nisa ne ya zana shi, ya sa a intanet kyauta, wata mata a wata ƙasar ta gyara babban yatsan, ita kuma ta sauya zaren ciki da na kamun kifi, don shi ne ake samu a kasuwar nan idan ya tsinke.

"Kyauta?" in ji Nicanor. "To shi me ya samu?"

"Ban taɓa tambayarsa ba. Ban ma san fuskarsa ba."

Ta goge masa dungun, ta zura shi cikin ramin gindin hannun, ta ɗaure. Wasu 'yan ƙarafa biyu masu sanyi suka kwanta a kan tsokarsa. Yatsun suna dunƙule.

"To, Baba, buɗe hannunka."

"Wane hannun?"

"Wanda injin ya ɗauka. Saƙon na nan yana saukowa daga kanka, wanda zai karɓa ne babu. Waɗannan ƙarafan za su ji shi."

Akwai abin da Nicanor bai taɓa gaya wa kowa ba, har Dioselina. Hannun nan da aka binne a bayan rumfa yana jin sa kullum, a dunƙule tam kamar ranar da abin ya faru, farata sun nutse cikin tafi. Shi ke hana shi barci. Ya ɗauka in ya faɗa za a ce ya taɓu.

"Ba ya buɗuwa," ya ce a hankali. "A dunƙule yake tun ranar."

Dioselina ta juyo ta dube shi.

"Da yawa haka suke cewa," in ji Yurany. "Kar ka yi kokawa da shi. Ka dubi wannan, ka lallaɓa shi."

Ya gwada. Babu abin da ya motsa. Ya sake, gumi ya keto masa a goshi. A ƙasa masu talla suna ta ihun inabi da kamfai ruwan ɗorawa na sa'ar sabuwar shekara. Ya saki numfashi, ya tuna yadda yake watsa wa kaji masara da safe, yadda hannu ke sakin hatsi ba tare da an yi tunani ba.

Wani ɗan ƙugi ya fito daga cikin robar, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Manuniya ta ɗaga. Sauran suka bi ta, ɗaya bayan ɗaya, har tafin ya shimfiɗe a kan tebur.

"Maryamu uwar Yesu!" in ji Dioselina, ta dafe ƙirji.

Ba motsin robar ne ya fi taɓa Nicanor ba. Can inda babu komai, hannun da aka binne ma ya saki. Faratan suka fita daga cikin naman. Wani sanyi ya bi damtsensa har wuya, irin wanda mutum ke ji idan ya sauke buhu bayan doguwar tafiya. Ya rufe, ya buɗe, ya rufe, ya buɗe. Hawaye na gangarowa cikin gashin bakinsa, bai damu ya share ba.

"'Yata," ya ce daga baya, "wannan abin, ya aka yi ya san abin da ke raina?"

"Bai sani ba, Baba. Jijiyarka yake saurare. Kai ne kake yi."

Ta kawo masa ƙwai a faranti. Na farkon ya fashe, gwaiduwa ta fallatsa wa Dioselina a riga.

"Ga shi nan! Da hannu ɗaya ɓarna, da biyu ɓarna!"

Na biyun ma ya tafi. Na ukun ya ɗauke shi, ya ɗaga shi sama, ya dire shi lafiya. Yurany ta tafa. Sai ya yi tambayar da ya zo da ita tun daga gida.

"Zai riƙe adda?"

Murmushinta ya ragu. "A'a. Sara ɗaya zai tarwatse. Ba ya son ruwa, ba ya son zafin tukunya, kuma kullum sai an yi masa caji kamar waya. Zai riƙe cokali, da kofi, da leda, da igiya. Ba zan yi maka ƙarya ba." Ta cire tabarau tana gogewa. "Babana ma mai yankan rake ne. Da motocin girbi suka zo, sai ya koma gadi. Yakan ce na shiga rundunar abokan gaba. Ina fata baɗi in yi wanda zai jure aikin gona, in kai masa ya gani. Amma ban yi alkawari ba."

Da suka sauko, rana ta take tsaka, kasuwa ta ɗinke. Nicanor ya saba bin gefen bango, yau sai ga shi a tsakiyar hanya, hannun a waje. A wata rumfa ya ga mazarƙwaila an yanka ta ƙanana-ƙanana, an naɗe a takarda mai kyau da sunan mai ita, mutane na layi. Ya ɗauki ɗaya da sabon hannun, ya shinshina. Tasu ta fi ta ƙamshi nesa ba kusa ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Efraín ne.

"Yaya, mutanen nan sun sake kira. Me zan ce musu?"

"Ka ce su ci bikinsu lafiya."

"Ba wasa nake ba. An sa maka hannun? Zai yi yanka?"

"Ba zai yi ba."

"To ka gani."

"Saurara, Efraín. Akwai masu adda zaune a dandali ba aikin yi, mu ɗauki ɗaya. Kai ka tsaya a kan wuta. Ni zan naɗe, in ɗauko, in kawo birni da kaina, ba sai dillali ya zo ya yi mana wulaƙanci ba. Ka ba ni shekara guda. In ba ta yi ba, ni zan sa musu hannu a takarda, da wannan sabon ma."

Efraín ya ja tsaki. "Ku dai taho da inabi. Kuma kar ku biyo motar ƙarshe."

A bakin babban titi motoci sun ƙi tsayawa a tsallaka. Dioselina tana ta leƙen hanya, ledar inabi a hannunta. Nicanor ya matso ta damanta, ya tsaya, ya sake zagayowa ta hagunta. Ɗan ƙugin ya tashi, baƙaƙen yatsun suka rufe a kan nata a hankali.

"Na matse ki?"

"A'a."

Ya dubi hannayen biyu, nata mai jijiyoyi da tabon wuta, nasa mai sheƙi.

"Ba na jin komai fa," ya ce.

"Ni ina ji," in ji Dioselina. "Taho, ga hanya ta buɗe."