Dokin Ƙofar Baba

Karo na uku ke nan uwar Tsigi tana dawowa daga aiki ta tarar da 'yarta zaune a tsakar gida, hannun hagu a sake jikin cinya kamar ba nata ba. Yarinyar ba ta kuka, sai an taɓa gwiwar hannun.

"Wa ya tsallakar da ita?"

Gwaggo ta ci gaba da shanya. Baffa ya duƙufa kan wayarsa.

Kowa ya san zancen. Baba, surukinta, shi ya gina dokin ƙofar gidan da hannunsa don tare ruwan sama, ya yi shi har kusan gwiwar babba. Duk mai fita da Tsigi sai ya kama ta da hannu ɗaya ya cilla ta waje, tana dariya.

"Shagwaɓa ce," in ji Gwaggo. "Kawo man zafi."

"A ɗan ja shi zai koma," in ji Baffa.

"Ja ne ya kawo mu nan, Baffa," in ji uwar Tsigi.

Baba ya yi gyaran murya daga kujerarsa. "Ubanta ya tsallake ginin nan, hannunsa biyu har yau."

Ta goya 'yarta, sai asibiti.

Likitar ta gane su tun daga bakin ƙofa. "Ku ne kuma?" Ta riƙe gwiwar hannun, ta juya tafin, ta lanƙwasa. Tsigi ta callara ƙara, can kuma sai ga ta tana miƙa hannun tana son makullan likita.

"Maman yarinya, na faɗa miki, a shekarunta abin da ke riƙe ƙashin bai yi ƙwari ba. Fizga kaɗan, ya zame. Ta hammata ake ɗaukarta."

"Ni na ji. Gidan ne bai ji ba."

Da suka iso gida, uwar ta sauke Tsigi a gaban dokin ƙofar, ta harɗe hannu. "Hau da kanki."

Tsigi ta ɗora ciki, ƙafa ɗaya tana lilo. Ta zamo. Ta sake. Daga ciki Baffa na riƙe da babur, Gwaggo da bokiti, Baba a gaba zai fita, duk an tsaya.

"Ke, za mu kwana nan?"

"In ta kama, Gwaggo."

Baba ya gaji, ya sunkuya, ya miƙa hannu wajen wuyan hannun jikarsa.

"Baba!"

Uwar Tsigi ba ta taɓa ɗaga masa murya ba sai yau. Hannunsa ya tsaya a iska. Ya dube ta, ya dubi gininsa, ya ja tsaki ya koma ciki. Ta ce a ranta yau kam ta ɓallo ruwa.

Sai ga shi da bulo biyu, yana nishi. Ya ajiye ɗaya ciki, ɗaya waje, ya dubi jikarsa.

"To amarya, taka ki wuce, kin tare mana hanya. Amma ginin nan ba mai fasa shi."